Yadda ake cire dauɗa da tsatsar haƙori a gida da na'urar altirasonik, da inda hannu zai tsaya

Ka kai kan harshenka bayan haƙoran gaba na ƙasa, ka shafa daga dasashi zuwa sama. In ka ji sumul, kowane haƙori da iyakarsa, to madalla. In kuwa ka ji kaushi, ko ka ji tsakanin haƙoran ya cike har harshe bai gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma ba, tsatsa ce ta kafu. Ita ce masu tallan ƙananan na'urorin nan na altirasonik, wato masu kaɗawa da saurin da ya wuce jin kunne, ke nunawa a bidiyo: a ɗora tsinin ƙarfe, ɓawo ya ɓantale, farin haƙori ya fito. Abin da ba sa nunawa shi ne abin da ke ƙarƙashin dasashi, da ɓarnar da tsinin ke yi in ya faɗa hannun da bai saba ba.

Na'urar tana da ɗan amfani a gida, amma gonarta ƙarama ce ƙwarai. Kaso mafi tsoka na abin da mutum zai iya yi wa bakinsa da kansa, burushi da zare ne ke yin sa. Likitocin haƙori kuwa galibinsu ba su yarda mutum ya kankare wa kansa tsatsa ba sam, kuma suna da hujja. Matakan da ke tafe na wanda ya riga ya sayi na'urar ne, wanda ba abin da zai hana shi kunna ta, don ya san inda zai taɓa da inda zai janye.

Datti biyu ne a baki

Na farko dauɗa. Farin abu ne mai laushi da danƙo, wanda in ka kankari gindin haƙori da farce da safe za ka gan shi. Ana zaton ragowar abinci ce, alhali ƙwayoyin bakteriya ne suka yi sansani, suka lulluɓe kansu da wani yauƙi da ke manne su da haƙori. Mintoci kaɗan bayan ka goge baki miyau ke shimfiɗa siririn rufi na furotin a kan haƙori, cikin 'yan sa'o'i kuma ƙwayoyin sun fara tarewa a kansa. Wasunsu, irin su Streptococcus mutans, suna cin sukari su fitar da asid, kuma da ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da wajen 5.5, inamel, wato farin rufin nan mai tauri, zai fara narkewa. Kogon haƙori daga nan yake somawa. Wasu kuma dasashi suke hara, su sa shi ja da kumburi da jini.

An gwada wannan a fili. A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a Denmak suka sa mutane masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gugar baki, kumburin ya lafa cikin kamar mako guda, ba tare da magani ko na'ura ba.

Na biyu tsatsa, wadda ba komai ba ce illa dauɗar da aka bari ta kwana ta wuni. Miyau ɗauke yake da kalsiyam da fosfet, su ne ke ratsa dauɗar su daskarar da ita. Taurin kan soma cikin kwana 1 zuwa 3, kuma cikin kamar mako biyu ta kafu sosai. Kamar siminti ne a jikin shebur: yana ɗanye ruwa kaɗai ya isa, in ya bushe sai guduma. Shi ya sa tsatsa ta fi taruwa a wurare biyu, bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen turamen sama ta wajen kunci, domin a nan ne magudanan miyau suke buɗewa.

Ita ma tsatsar kashi biyu ce. Ta saman dasashi fara ce ko ruwan ɗorawa, ido na ganinta. Ta ƙarƙashin dasashi baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu saboda jinin da ya gauraya da ita, ta fi tauri, ta fi manne wa saiwar haƙori, kuma madubi ba ya nuna ta. Wannan ta biyun ce ke tafiya tare da ciwon da ke cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori. Dutsen kansa ba shi da rai, amma jikinsa mai kaushi ne, kullum akwai dauɗa mai rai kwance a kansa. To in ka ɓantale ta sama ka bar ta ƙasa, bakinka zai yi kyau a madubi, ciwon kuma yana nan yana cinsa a ɓoye. Wannan ita ce babbar hujjar likitoci, kuma ta fi maganar rauni nauyi.

Me ke hannunka?

Na'urar asibiti ta shigo aikin haƙori tun shekarun 1950. Iri biyu ce: mai aiki da maganaɗisu, wadda tsininta ke kaɗawa sau 25,000 zuwa 30,000 a sakan guda yana zana ɗan da'ira, da mai aiki da wani irin lu'ulu'u da ke motsi in lantarki ya ratsa shi, wadda tsininta ke kai da komo a miƙe. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan. Dukansu biyu ruwa ne ke kwarara a kan tsinin ba tsayawa. Ruwan yana sanyaya ƙarfen, yana wanke ɓarɓashi, kuma kaɗawar tana haifar da ƙananan kumfa a cikinsa da ke fashewa su taimaka wajen tarwatsa dauɗa. Ga kuma bututu mai zuƙe ruwa, ga fitila, ga mutum na biyu yana kallon haƙorin kai tsaye.

Zafin da ƙarfen ke ɗauka in yana kaɗawa ba abin wasa ba ne. A wani gwaji da Zach da Cohen suka yi a kan birai a 1965, ƙarin zafi na digiri 5.5 kacal a cikin ɓargon haƙori ya kashe jijiyar a kashi 15 cikin 100 na haƙoran. Mafi yawan na'urorin gida ba su da ruwa ko kaɗan.

Abubuwa uku ake sayarwa da sunan altirasonik. Akwai mai kama da alƙalami mai tsinin ƙarfe da 'yar fitila, ana cajinta da waya. Akwai burushin lantarki. Akwai kuma ɗan akwatin ruwa da ake tsoma haƙoran roba a ciki. A cikin masu kama da alƙalamin, da yawa sunan kawai suka ara, ƙaramin mota ne ke karkarwa a ciki. Ga yadda za ka gane: ka kunna ta ka ɗiga ruwa a kan tsinin. Ta gaskiya za ta watsa ɗigon ya zama feshi mai laushi kamar hazo, hannunka ba zai ji wata girgiza ta kirki ba, kuma in tsinin ya taɓa cokali za ka ji siririyar ƙara. Wadda ke gurnani tana kaɗa maka hannu, ɗigon kuma yana zaune abinsa, ƙugiyar ƙarfe ce kawai mai rawar jiki. Ba ta fasa tsatsa da kaɗawa, sai ka danna, dannawar kuwa ita ke kawo zamewa da rauni. Irin wannan ka ajiye ta.

Waɗanda ba za su taɓa ta ba

Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, da wanda aka sa wa bawul na roba ko na ƙarfe a zuciya, da wanda ya taɓa yin ciwon da ƙwayoyin cuta ke kama rufin cikin zuciya. Duk raunin dasashi yana tura bakteriya cikin jini, ga mai bawul ko mai ciwon rufin zuciya kuwa wannan na iya zama babbar magana. Haka mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da mai ciwon da jininsa ba ya tsayawa da wuri, da mai ciwon suga da bai daidaita ba, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Yara ma a'a. Sai kuma abin da ke cikin bakin: haƙorin da aka dasa da ƙusar titaniyam, tsinin ƙarfe na karce shi, hular haƙori da ciko, kaɗawa na iya sassauta su ko ta guntule gefensu, wayar daidaita haƙori ma haka. Wanda dasashinsa ya ja baya har saiwa ta fito, ya sani saiwa ba ta da inamel, rufinta siriri ne mai laushi, ana kankare shi nan take.

In haƙoranka na gaba suna girgiɗi, kuma tsatsa ta haɗe su ta baya ta zama gada guda, kada ka kusance ta. Wannan aikin asibiti ne daga farko har ƙarshe.

Mataki na 1: ka rina dauɗar ka gan ta

Akwai ƙwayoyin taunawa masu rini da ake samu wajen masu sayar da kayan kula da baki, aikinsu su fito da dauɗa fili. Ka shafa ɗan man leɓe don kada leɓɓanka su rinu, ka tauna ƙwaya ɗaya, ka zagaya miyaun da harshe ko'ina na kamar sakan 30, ka tofar, ka kurkure sau ɗaya. Sai ka dubi madubi. Tsakiyar haƙori za ta fito fari tas, amma gindinsa, daidai inda ya haɗu da dasashi, za ka ga ja ya zana siririn baka a kowane haƙori, tsakankanin haƙora kuma ya yi duhu. Masu launi biyu suna rina sabuwar dauɗa ja-ja, tsohuwar da ta kwana biyu kuma shuɗi. Duk abin da ya rinu kuma ya goge da burushi, ba ruwan na'ura da shi.

Mataki na 2: burushi, yadda ya kamata

A nan aikin yake. Burushi mai laushi, mai ƙaramin kai. Ka karkata gashinsa ya fuskanci dasashi da kusurwar digiri 45, rabi a kan haƙori rabi a bakin dasashi, ka riƙa jijjiga shi a wuri guda da gajeren motsi, haƙori biyu ko uku a lokaci ɗaya, sannan ka share zuwa bakin haƙorin ka matsa gaba. Wannan ita ce hanyar da ake dangantawa da likita Charles Bass, kuma manufarta gashin ya ɗan leƙa cikin kwarin da ke tsakanin haƙori da dasashi. Bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda kowa ke ha'inci, ka tsayar da burushin a tsaye ka yi aiki da kansa, haƙori ɗaya-ɗaya. Minti 2 cif, sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci domin miyau na raguwa in ana barci. Ka fara daga cikin haƙoran ƙasa tun hannu bai gaji ba, domin wajen haƙoran gaba ba ya taɓa rasa mai goge shi.

Man goge baki ya zama mai fuloraid, 1,350 zuwa 1,500 a ma'aunin ppm ga babba, a rubuce yake a jikin kwalin. In ka gama ka tofar kawai, kada ka kurkure da ruwa, don fuloraid ɗin ya zauna.

Burushin lantarki yana taimakawa, kuma wannan an auna shi. Nazarin ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, na 2014 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa bayan wata 3 yana rage dauɗa da kashi 21 cikin 100, kumburin dasashi da kashi 11, in aka kwatanta da na hannu. Masu ɗan zagayayyen kai da ke juyawa hagu da dama, irin na Oral-B, su suka fi yawan shaida. Irin su Philips Sonicare kuma kaɗawarsu wajen 31,000 ce a minti, ba a sakan ba, saboda haka ba altirasonik ba ne, amma suna aiki. Da na lantarki ba a gurzawa, ɗora shi ake yi a bar shi ya yi aikinsa a matsa gaba. Ko wanne ne, ba ya cire tsatsar da ta riga ta kafu.

Mataki na 3: tsakanin haƙora

Burushi ba ya shiga nan. In akwai 'yar tazara, ƙaramin burushin nan mai kama da tsinke ya fi komai: ka zaɓi girman da zai shiga da ɗan matsi ba tare da tilas ba, ka tura ka jawo sau biyu ko uku. Inda haƙora suka matse, zaren sakace. Ka yanko kamar santimita 45, ka naɗe a manyan yatsun tsakiya, ka zura shi a hankali da motsin zarto, ka lanƙwasa shi ya rungumi gefen haƙori ɗaya ka goge sama da ƙasa, sannan ka rungumi na maƙwabcinsa. A kwanakin farko za ka ga jini, zaren ma zai fito da wari. Kada ka daina. Jinin na kumburi ne, kuma galibi yana ɗaukewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ya wuce haka bai tsaya ba, akwai abin da ke ƙarƙashi.

Ka yi mako biyu kana waɗannan matakai uku kafin ka ɗauko na'urar. Dasashin da ya kumbura yana rufe gefen tsatsa, kuma da an taɓa shi sai jini ya rufe maka gani. In kumburin ya sauka za ka ga iyakar abin da kyau.

Mataki na 4: ka tantance abin da ya rage

Ka busar da haƙoran da auduga ko tsabtataccen ƙyalle, domin busasshiyar tsatsa tana fitowa fari kamar alli, jiƙaƙƙiya kuwa tana sajewa da haƙori. Ka haska fitila. Tabon shayi ko kofi ko taba a shafe yake, ba shi da tudu. Tsatsar sama tana da tudu da gefe, farce na makalewa a jikinta. Baƙin layi da ke leƙowa daga ƙarƙashin dasashi na asibiti ne. Farin tabo mai kama da alli wanda ba shi da tudu, ko baƙin wuri mai ɗan rami, wannan ba tsatsa ba ce, farkon kogo ne, kuma in ka ɗora masa tsini za ka fasa rufin da fuloraid zai iya gyarawa. In ka kasa bambancewa, ka bar shi.

Abin da ya rage maka ke nan: ɗan tudun tsatsa a saman dasashi, a kan lafiyayyen inamel, a haƙoran gaba da kake gani sarai. Turame ba sa cikin lissafi, domin ba ka ganinsu, hannunka kuma ba shi da wurin dogara.

Mataki na 5: shiri

Ka wanke hannu. Ka kwance tsinin ka wanke shi da sabulu da wani burushi na daban, ka tafasa shi na minti 10 in takardar na'urar ta yarda, ko ka jiƙa shi cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70. Tsini na mutum ɗaya ne, ko miji da mata ba sa haɗawa, domin cutar hanta nau'in B da C ta jini suke bi. Ka zaɓi tsini mai faɗin baki a kan mai kaifi kamar allura. Ka tanadi babban madubi a wuri mai haske, da ƙaramin madubin baki, da kofin ruwa, da auduga. Ka tsoma ƙaramin madubin a ruwan ɗumi don kada numfashi ya rufe shi. Ka zauna, kada ka yi a tsaye, gwiwar hannu a kan tebur.

Kafin ka kunna, ka gwada kai tsinin bayan haƙori kana kallon madubi biyu. Za ka ga hannunka yana zuwa hagu in ka nufi dama. In ka kasa sarrafa shi a kashe, a kunne ma ba za ka iya ba.

Mataki na 6: aikin kansa

Ka sa ta a ƙarfi mafi ƙanƙanta. Ka riƙe ta kamar alƙalami, sako-sako, ka kafa yatsan zobe a kan haƙorin da ke kusa ko a haɓa, don in hannu ya zame ya sami birki.

Ba da kan tsinin ake aiki ba. Kan tsini shi ya fi ko'ina ƙarfi, kuma in ka caka shi tsaye a kan haƙori rami zai bari. Da gefen milimita 2 zuwa 3 na ƙarshe ake aiki, tsinin yana kusan kwance a jikin haƙori, kusurwar da ke tsakaninsu ba ta wuce digiri 15 ba. Kada ka danna. Dannawa tana kashe kaɗawar, ta ƙara zafi, ta kuma karce inamel. Taɓawa kawai ake so.

Ka jiƙa haƙorin da tsinin. Ka fara daga gefen tsatsar da ya fi nisa da dasashi, ka riƙa ɗan taɓa shi kana shara hagu da dama da gajeren motsi, tsinin bai tsaya wuri guda ba. Sakan 2 ko 3 ka ɗaga, ka tsoma tsinin a ruwa, ka kurɓa ka tofar, ka duba. In abin zai yiwu, za ka ji ƙarar ta ɗan canza, sai wani ɗan ɓawo kamar ɓarɓashin ƙwai ya faɗo kan harshe, waje ruwan ɗorawa, cikinsa mai lanƙwasa daidai da siffar haƙorin. Ka tofar da shi. In ka taɓa wuri sau uku ko huɗu bai motsa ba, ya fi ƙarfin na'urarka, kuma ƙara ƙarfi ko dannawa shi ne garin neman gira a rasa ido.

Ka tsaya tazarar milimita 1 zuwa 2 kafin dasashi, ko da kana ganin sauran tsatsa a wurin. Kada tsini ya shiga ƙarƙashin dasashi, kada kuma ka cusa shi tsakanin haƙora. Haƙori biyu ko uku sun isa a zama ɗaya. Da ka ji zafi, ko wani zogi mai harbawa kamar lantarki, ko ka ga jini, ko hannu ya fara rawa, ka kashe. Inamel da aka karce ba ya sake tsirowa, dasashin da ya ja baya ma ba ya dawowa da kansa.

Mataki na 7: bayan an gama

Ka kurkure da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka goge baki a hankali da man fuloraid, ka shafa ɗan kaɗan da yatsa a inda ka yi aiki ka bar shi. Ka kauce wa abu mai tsami ko mai tsananin sanyi a ranar. In haƙorin yana amsa sanyi, man goge baki mai sinadarin fotasiyam naitiret yana kwantar da shi, amma sai an ɗauki makonni ana amfani da shi. Ka wanke tsinin ka busar kafin ka ajiye.

Ka sani na'urar ba ta sulɓe haƙori. A asibiti ana bin bayan kankara da ɗan kofin roba da wani man gogewa. A gida kuwa wurin kan rage da ɗan kaushi, kaushi kuma shi dauɗa ke so. Saboda haka wurin da ka kankare ya fi ko'ina buƙatar burushi a makonnin da ke biye. Kuma wannan ba aikin kowane mako ba ne. In tsatsa na dawowa da sauri har kana jin buƙatar na'urar a kai a kai, matsalar tana mataki na 2 da na 3.

Jinin da bai tsaya ba bayan ka danne da auduga na minti 15, kumburin dasashi ko na fuska, ruwa mai wari ko mugunya, ciwo mai bugawa da ke hana barci, zazzaɓi: ko wanne cikin waɗannan, ka nemi likita a ranar.

Inda altirasonik ya fi amfani a gida

Ɗan akwatin ruwan nan ne, kuma shi ba a cika tallarsa ba. Ga mai haƙoran roba, ko robar da ake sawa bayan cire wayar daidaita haƙori, ko ta masu cizon haƙora cikin barci, yana aiki sosai, domin kumfar tana shiga lungunan da burushi ba ya kaiwa, kuma babu dasashi ko jijiya da za a ji wa ciwo. Ka fara goge abin da burushi da sabulun ruwa, ba da man goge baki ba don yana karce roba. Ka zuba ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, ka tsoma na 'yan mintoci yadda takardar ta ce, ka ɗauraye. Ruwan zafi yana lanƙwasa roba, in ta lanƙwashe kuma ba za ta sake zama daidai a baki ba.

Hana ta dawowa, da abin da ya rage wa asibiti

Man goge baki mai fayirofosfet ko zink yana rage saurin daskarewar sabuwar tsatsa, amma ba ya taɓa tsohuwa. Ruwan kurkure baki mai kuloheksidin yana kashe ƙwayoyin dauɗa sosai, sai dai na ɗan lokaci ne, mako ɗaya ko biyu, domin in aka daɗe yana rina haƙora ruwan ƙasa, yana ma ƙara tsatsar sama. Maganar jiƙa haƙori da ruwan lemun tsami ko binega don tsatsa ta narke kuwa, duk asid ɗin da zai narkar da ita zai narkar da inamel tare da ita, tunda ma'adininsu dangi ne. Garin gawayi ma karcewa yake yi. Mai shan taba ya ƙara lura: taba tana tsuke jijiyoyin jinin dasashi, sai jini ya ƙi fitowa ko da ciwon ya yi nisa.

Abin da likita ke yi wanda ba ka iyawa shi ne awo. Yana zura wani siririn ƙarfe mai alamun milimita tsakanin haƙori da dasashi. Zurfin 1 zuwa 3 lafiya ne. Daga 4 zuwa sama aljihu ya buɗe, burushi ba ya kai gindinsa, kuma a nan baƙar tsatsa ke zama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa ciwon dasashi mai tsanani yana damun wajen kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, sama da mutum biliyan 1, kuma ciwo ne da galibi ba ya zafi sai ya yi nisa.

Akwai masu gudun wankin haƙori a asibiti don sun ji ana cewa yana buɗe giɓi yana sa haƙora girgiɗi. Abin da ke faruwa shi ne tsatsar ce ta cike gurbin ƙashi da dasashin da ciwo ya riga ya cinye. Da aka cire ta sai gurbin ya bayyana. Girgiɗin kan ragu in kumburi ya sauka, jin sanyin ma yana lafawa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Tsawon lokacin da za ka ɗauka kafin ka koma ya danganta da bakinka: mai ciwon dasashi ana iya ce masa duk wata 3, mai lafiyayyen baki kuma shekara guda ko fiye. In za ka je, ka tafi da na'urarka ka nuna, ka kuma roƙi a gaya maka zurfin da aka auna a bayan haƙoran gaba na ƙasa da kuma girman ƙaramin burushin da ya dace da kowace tazara a bakinka.